Wace tsohuwar taswira za ka saya kafin binciken kufai a tsibiri?

Ɗalibin da ya koyi binciken kufai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ya saba da ƙasar da ba ta motsi. Dutsen Kufena yana nan inda yake, ganuwar Zazzau ma duk da zaizayewarta ana iya bin sawunta. Ranar da aka ba shi aikin digiri a kan tsibirin Legas, ko Bonny, ko Gberefu da ke Badagry, abin ya sauya. A can gaɓa tafiya take yi. Teku ya ci nan, yashi ya taru can, mutane sun cike fadama sun yi gini. Tsohuwar taswira ce za ta gaya maka inda tudu yake a da, kuma a tudun ne ake sa ran tsingaro da tarin ƙwanso da harsashin gidaje. Sai dai taswirori iri-iri ne, kuɗin ɗalibi kuwa ba yawa.

Wadda ta fi jan ido ita ce ta Turawan ƙarni na 17 da na 18, mai launi da zanen jiragen ruwa. Kada ka saye ta. Yawancinsu kwafar juna suka yi, sukan ajiye tsibiri nesa da inda yake. Amfaninsu sunayen garuruwa da bakin koguna, kuma wannan za ka same shi kyauta a Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa, ko a taskar taswirori ta David Rumsey da ke intanet.

Taswirar matuƙa jiragen ruwa ta Ingila daban ce. An kafa ofishin da ke yin ta a 1795, yanzu yana Taunton, kuma Kyaftin Owen ya auna gaɓar Afirka a shekarun 1820. Waɗannan mutane rayukansu suka rataya a kan awon, shi ya sa zurfin ruwa, wanda suke rubutawa da gaba, wato ƙafa shida, da mashigar jirgi da tudun yashi suna fitowa daidai gwargwado. Idan tambayarka ita ce ina tsohuwar mashaya ko matsayar kwalekwale take, wannan ce taka. Amma matuƙi ba ruwansa da abin da ba a hangowa daga ruwa. Zai zana doguwar bishiya da sandar tuta, ya bar gari guda fari fat a bayan kurmi. Kuma ka duba ƙasan takardar da kyau: shekarar awo daban, shekarar bugu daban, gyare-gyaren baya ma suna da nasu kwanan wata. Mai sayarwa yakan faɗi wadda ta fi tsufa kawai.

Sai taswirar safiyo ta gwamnati mai ma'auni 1:50,000, wadda aka buga da yawa daga cikinta a shekarun 1960. Ba ta da tsada, ana neman ta ta ofishin Babban Safiyo na Tarayya, kuma ya kamata ka leƙa Laburaren Kashim Ibrahim da sashen nazarin ƙasa na jami'ar kafin ka biya ko kwabo. Milimita ɗaya a kanta mita 50 ce a ƙasa, don haka ba za ta nuna maka inda za ka kafa rami ba. Tsarin da take lissafa matsayin wuri da shi shi ne na Minna, na'urar GPS ɗinka kuwa tana kan wani tsarin daban, WGS 84. Idan ba ka daidaita su ba, za ka kauce da gomman mitoci, kuma a siririn tsibiri wannan ya isa ya jefa kufanka cikin ruwa.

In ni ne mai kuɗin, a kan hotunan sama zan kashe su. Hukumar safiyo ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1946 aka fi saninta da DOS, ta ɗauki hotuna daga jirgi, tarinsu yanzu yana Edinburgh, ana biya a aiko da kwafi. Akwai kuma hotunan tauraron leƙen asiri na Amurka, CORONA, daga 1960 zuwa 1972, waɗanda aka saki a 1995. Mafi kyawunsu na nuna abin da bai kai mita biyu ba. Ana duba su a shafin intanet na EarthExplorer, wanda aka riga aka kwafa kyauta ne, wanda ba a kwafa ba a biya da dala. Hoto ba ya zaɓar abin da zai nuna kamar yadda mai zane yake yi. Matsalarsa hadari: gaɓar kudu ba kamar sararin Zariya ba ce lokacin rani, saboda haka buɗe ƙaramin samfurin ka tabbata gajimare bai rufe tsibirinka ba kafin ka tura kuɗi.

Legas ta nuna dalilin haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan taswirori da hotuna. Magudanar MacGregor da aka haƙa a farkon ƙarni na 20 ta raba Ikoyi da tsibirin Legas. Katangun duwatsun da aka fara ginawa a bakin tashar jirage a 1908 sun tare yashi, teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach, daga baya aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. Wanda ya haƙa a ƙasar cike ya ɓata guzurinsa.

Kowacce ka saya, nemi kwafin kwamfuta mai kaifi da aka ɗauka da na'ura, kada ka karɓi hoton waya, don yana lanƙwasa ma'auni. Ka tabbata gefen takardar ya fito, nan ma'auni da shekara suke. A manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, ɗora taswirar a kan ta yau da abin da bai gusa ba, kamar coci, hasumiyar jirage ko mahaɗar tsofaffin tituna, ban da bakin ruwa. Takardun mulkin mallaka na Legas kuma a taskar adana takardun tarihi ta ƙasa da ke Ibadan suke, na Bonny a Enugu, ta Kaduna ta Arewa ce, sai ka sa kuɗin motar a lissafi tun daga tashar Kwangila da ke Zariya.