Gargaɗi ga masu fatsar kifin bas: kar ku tura wa mai "kayan marigayi" kuɗi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda yake harkar fatsa da fulai a nan Amurka, musamman mu na yankin Pennsylvania da Maryland da Virginia da muke bin kifin bas a kogi, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe kuma ya tura wa na kusa da shi. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na Facebook yana cewa wai mahaifinsa ya rasu ya bar ɗaki guda cike da kayan ɗaurin fulai, shi kuma bai san kan abin ba, so yake kawai ya rabu da su ya biya bashin jana'iza. Wallahi ƙarya yake yi. Ni ya ci min dala 640, saura kaɗan ya ci wa wani ɗan uwa 410, kuma shekaranjiya na sake cin karo da hotunan nan dai a wani sabon shafi da sabon suna. Ba zan rubuta sunan ba, don na tabbata sunan wani bawan Allah ya ara, kar in je in ɓata wanda bai ji ba bai gani ba.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, fulai ƙwaron ƙarya ne da muke ɗaurawa a jikin ƙugiya da zare da gashin tsuntsu da gashin dabba, ba tana ba gari, kifi ya gani ya ɗauka abinci ne ya kawo cafka. Ni shekara shida ke nan ina bin bas mai ƙaramin baki a kogin Susquehanna da Juniata, wani lokaci in sauka Potomac. Lokacin sanyi ba a cika fita ba, sai mutum ya zauna a gida ya yi ta ɗauri yana tara wa bazara, kuma a daidai lokacin ne kowa ke neman kaya, macucin nan ya san haka sarai.

Abin da ya sa na yarda da shi, bai fara da cuta ba. A watan Oktoba ya sa tallan fulai da aka riga aka ɗaura, na ce bari in gwada da kaɗan, na sayi Clouser dozin ɗaya da Woolly Bugger guda shida a dala 25. Kwana huɗu kaya suka iso, kuma gaskiya aiki ne mai kyau. Duk wanda ke kamun bas a yankin nan ya san Clouser ba abin wasa ba ce, Bob Clouser ne ya ƙirƙiro ta a 1987 a garin Middletown da ke bakin Susquehanna, don wannan kifin dai, kuma sirrinta idanun nan biyu masu nauyi da ake ɗaurawa a bayan ƙugiya, su ne ke juya ta a cikin ruwa tsinin ya kalli sama, shi ya sa take bin ƙasan kogi tsakanin duwatsu ba ta cika maƙalewa ba. Woolly Bugger ma 'yar nan ce, Russell Blessing na Harrisburg ya fara ɗaura ta a 1967. To waɗanda ya aiko min idanu daram, ɗauri ya sha gam, gashin wutsiyar barewa kaɗan-kaɗan yadda ake so ba a cusa da yawa ba. Na fita da su Juniata na kama bas mai inci 17 da fulai mai fari da kore-rawaya, na ɗauki hoto na tura masa, har ya ce min mahaifinsa zai ji daɗi da yana raye. Yanzu da nake tunani, na fi zaton shago ya je ya sayo su ya aiko min, ya yi asarar 'yan daloli don ya samu babba. Ashe koto ne.

Farkon Janairu sai ga shi a inbos, wai tunda ni mutumin kirki ne ya fi so in ɗauki manyan kayan kafin ya sa a kasuwa. Ya turo hotuna: bais na Renzetti mai juyawa, wato ƙarfen da ke riƙe ƙugiya lokacin ɗauri, fatun zakara na Whiting guda takwas, wutsiyar barewa kusan ashirin kala-kala, kwalayen ƙugiyar Gamakatsu B10S, gashin talotalo mai laushi, zare, idanun dalma, komai da komai. A lissafina kayan sun haura dala 1,500 a shago, shi ya ce in ba da 640. Amma fa in tura ta hanyar 'yan uwa da abokai ta PayPal ko kuma Zelle, wato manhajojin tura kuɗi, wai kar a cire masa kaso, kuma wani mutum daga Ohio na jira in ban biya yau ba gobe nasa ne. Na biya a daren.

A nan ne duk damfarar take, ku gane. PayPal hanya biyu gare shi, akwai ta sayen kaya wadda in kaya bai zo ba kana da kwana 180 ka shigar da ƙorafi, akwai kuma ta 'yan uwa da abokai wadda kyauta ce ka yi, babu kariyar mai saye a cikinta. Zelle ma don tura wa wanda ka sani aka yi shi, in kuɗi ya tafi da wuya ya dawo. Duk an rubuta wannan a ƙa'idojinsu, shi ya sa mutumin ya nace a kan waɗannan biyun kawai.

Sai da aka yi sati uku ina bibiya kafin wani ɗan ƙaramin kunshi ya zo. Ba bais, ba kwalin ƙugiya ko ɗaya. Fulai ne kusan talatin da ko kallo ba sa sha, in ka taɓa idon Clouser ɗin da yatsa sai ya zagaya jikin ƙugiyar don ba gam ba ɗaurin kirki, ƙugiyar kuwa na sa filaya na ja kaɗan ta miƙe kamar waya, irin wadda bas mai fam biyu zai buɗe a tsalle ɗaya. Na jiƙa ɗaya a kofi, nan take ruwan ya koma kore, rini ya zuba. Fatar zakaran kuma ta zakaran gida ce, gashin gajeru masu kauri. Abin da ya fi ƙona min rai wutsiyar barewa guda uku da ya haɗo, ban duba da kyau ba na jefa su cikin akwatin da nake ajiye nawa, ashe asu ne a ciki. Kafin in farga sun cinye min wutsiyoyi biyar da fatar zakara ɗaya da na daɗe ina lallaɓawa. Dan Allah duk gashi ko fatar da ta zo muku daga hannun wani, ko wa ye, ku ɗaure a leda ku sa a firiza kwana biyar zuwa sati, ku fito da ita ta huce kwana biyu, ku sake mayarwa, kafin ta kusanci kayanku.

Da na yi masa magana sai ya hau ba ni haƙuri, wai ƙanwarsa ce ta yi kuskure wajen haɗa kaya, babban kwalin na hanya, ga lambar bibiya. Lambar gaskiya ce, tana motsi, bayan kwana uku ta nuna an kai kaya garinmu. Na duba ƙofa, na tambayi maƙwabta, babu. Na je gidan waya da lambar, matar da ke kanta ta duba ta ce min kunshin ba adireshina aka rubuta a kai ba, wani wuri ne daban a unguwarmu, kuma nauyinsa bai kai na waya ɗaya ba balle bais na ƙarfe. Dabarar ke nan: ya aika ambulan ɗin banza zuwa wani adireshi mai lambar yanki irin taka, shafin bibiya kuma gari da lambar yanki kawai yake nunawa, sai ya zama yana da shaidar cewa ya kai. Ina fitowa daga gidan waya na buɗe waya in kira shi, ya riga ya yi bulokin ɗina.

Abin da ke hana ni barci ba kuɗin ba ne kawai. Ni na tura wa wani ɗan uwa ɗan Damagaram, direban babbar mota da muke fita tare, na ce masa mutumin amintacce ne na gwada shi. Da bakina na faɗa. Allah ya taimake shi ya ƙi yarda da hanyar abokai, ya ce shi ta sayen kaya zai biya ko a fasa, mutumin ya yi ta ƙorafi sannan ya amince. Shi ma ambulan ɗin banza aka yi masa, amma da ya karɓo takarda daga gidan waya mai nuna adireshin ba nasa ba ne ya haɗa da ƙorafinsa, an dawo masa da 410 ɗinsa. Na ba shi haƙuri ya ce ba komai yaya, amma har yau ina jin nauyinsa.

Wani abu kuma da ya kamata ya tashe ni tun farko. A cikin hirarmu ya taɓa ce min akwai "gashi na musamman" in ina so, na zalɓe da mujiya da wani zakaran daji na Indiya, amma kar in faɗa wa kowa. Jama'a ku yi nesa da wannan. Tun 1918 akwai dokar tsuntsaye masu ƙaura a Amurka, riƙe gashin zalɓe ko mujiya ko shaho laifi ne ko a ƙasa ka tsinta, shi kuma zakaran Indiya yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, sai da takarda ake tsallaka iyaka da shi. Kun dai san labarin 2009, lokacin da wani ɗalibi Ba'amurke ya fasa gidan tarihi na Tring a Ingila ya kwashe fatun tsuntsaye 299 don sayar wa masu ɗaurin fulai. Ko ɗan damfaran nan yana da gashin ko babu, in ka biya kuɗin haramtaccen kaya ya cinye, wa za ka kai wa ƙara? Mu masu bas ma ba ma buƙatarsu sam. Kai, ko fatar zakara mai tsadar nan ta masu kamun kifin tirawut ce da ƙananan fulai masu yawo a saman ruwa, mu wutsiyar barewa da gashin talotalo da ɗan soso na yin fofa, wato fulai mai fantsama ruwa a sama in an ja shi, sun ishe mu shekara.

Kar kuma a fahimce ni ba daidai ba, arha kaɗai ba damfara ba ce. Fulai da yawa da ake sayarwa a nan a Kenya da Sri Lanka da Tailan ake ɗaura su, kuma akwai masu kyau sosai a ciki. Abin dubawa shi ne mutum ya ƙi bidiyo, ya ƙi haɗuwa, ya matsa maka lamba ka biya yau, kuma ya zaɓa maka hanyar da kuɗi ba ya dawowa. Ku ce ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya ɗora kan kayan ya ɗauko bidiyo yana juya su. Ku sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ni da na yi haka bayan aikin gama ya gama, sai ga hoton bais ɗin da fatun a wani tsohon tallan gwanjo na shekarun baya, ko teburin bai canza ba. In kuna son kaya da sauƙi, akwai baje kolin fulai da ake yi a Lancaster ta Pennsylvania duk watan Maris, ka taɓa da hannunka ka shinshina kafin ka biya.

Na kai rahoto shafin IC3 na FBI, inda ake kai ƙorafin damfarar intanet, da na hukumar FTC mai kare masu sayayya, na kuma cike takardar masu binciken gidan waya tunda ta hanyarsu ya bi da ambulan ɗin. Duk wanda ya san ya tura wa mai irin wannan labarin kuɗi, kar kunya ta sa ya yi shiru, ya ajiye rasit da lambar bibiya da sikirinshot na hirar kafin a goge shafin, ya same ni ta inbos mu haɗa su wuri guda. Zuwa yanzu mu huɗu ne. A sabon shafin mahaifin ya koma kawu, garin ya koma West Virginia, amma bais ɗin da fatun takwas su ne dai, kuma farashin yanzu 590 ya sa.