Fitilar na'urar AAS: wacce ta cancanci kuɗinka

Na'urar AAS (atomic absorption spectrometer), wadda ake auna yawan ƙarfe a cikin samfur da ita, tana mai da samfurin tururi a cikin harshen wuta, sai ta auna yawan hasken da ƙwayoyin ƙarfen suka shanye. Kowane ƙarfe da layinsa, wato tsawon zangon hasken da yake shanyewa: dalma a nanomita 283.3, kadmiyam 228.8, jan ƙarfe 324.8. Tun 1955 da Alan Walsh ya fito da dabarar a Ostireliya, fitilar da ke ba da wannan hasken ce ran aikin. In ta raunana, awonka ya tashi a banza.

Zaɓina ita ce fitilar HCL (hollow cathode lamp, mai katod mai kwarmi) ta ƙarfe ɗaya. Kwarmin katod ɗinta, wato inda hasken yake fitowa, da wannan ƙarfen aka yi shi, cikinta iskar niyon ce ko agon, haskenta siriri ne mai ƙarfi. Galibi ana ba ta garantin awa-miliamfa 5000, wato awa 500 a kan miliamfa 10. Kada ka ƙara mata wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinta. In ka ƙara, tururin da ke cikin fitilar zai riƙa shanye haskenta, layin ya faɗaɗa, awo ya ragu, ita kuma ta mutu da wuri. Ga masu gwajin ƙasa da ruwa a wuraren haƙar zinare irin na Zamfara, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, ban ga dalilin neman wata ba.

Fitila mai haɗin ƙarafa da yawa kuwa arha ce ta ƙarya: haske ya fi rauni, kuma in ƙarfe ɗaya ya ƙare sai a sayi wata. Fitilar EDL (electrodeless discharge lamp, marar katod da anod) ta fi kyau ga arsenik da seleniyam, amma tana buƙatar nata akwatin wuta.

Inda ake cutar mutane shi ne tsohuwar fitila a sabon kwali. Ko ba a taɓa kunna ta ba, fitila tana tsufa a ajiye, don haka ka nemi ranar ƙira da lambar da ke jikinta, su dace da na takarda. Duba faɗinta: yawancin na'urori milimita 37 suke ɗauka, na kamfanin PerkinElmer 50, kuma adadin ƙafafun gindi ya bambanta. Duba taga: layukan da ke ƙasa da nanomita 300 sai tagar kwats (quartz), gilashin gama-gari zai tare su. Ɗan tabon duhu kusa da anod, ƙarfen da ke gefen katod, daga masana'anta yake, amma baƙi da ya lulluɓe kewayen katod alamar an sha aiki ne.

Kada ka biya sai an gwada a na'urarka. Kunna ta minti 20, ka zuba ido kan sifilin da na'urar ke nunawa in babu samfur. In yana yawo, ko na'ura ta ɗaga ƙarfin mai gano haske har kusan ƙarshe kafin ta ga layin, mayar wa dillali da abarsa. Dillalin da ya ce gwaji zai ɓata garanti, bar shi da ita.