Hattara da masu sayar da fulotai a bakin fadama

Salam jama'ar Sakkwato. Don Allah duk wanda aka turo mai tallan fulotan nan a WhatsApp, wai a biya kaɗan kaɗan duk wata, wai an yanka su ne don talaka ya huta da kuɗin haya, ya dakata kar ya tura ko sisi.

Wurin nan fadama ce wallahi, can gefen gulbin Rima. Da rani suke kwasar mutane a mota su kai su, ƙasa ta bushe, sun bi da gireda sun fidda hanya sun kakkafa bulo mai jan fenti, kai ka ce gobe za a fara gini. Amma duƙa ka duba, baƙar laka ce duk ta tsattsage, ga guntayen karan shinkafar bara nan ko kwashewa ba su yi ba. Inda ake noman shinkafa fa za ka aje iyalinka! In ka yi maganar ruwa sai su ce ai gwamnati za ta yi magudana. Wace magudana ce za ta tare gulbi? Duk wanda ya ga 2010 ya sani, da ruwa ya taho ta wajen dam ɗin Goronyo ya ci gonaki da ƙauyuka, har hanyar jami'ar Danfodiyo sai da ta yanke. Ko Mabera da ke cikin gari ya ake ƙarewa da damina balle can.

Takardar ma abin dariya, yarjejeniya ce kawai da hatiminsu da sa hannun wani wai mai unguwa, ba lambar tsarin fili ba komai. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni a hannun gwamna take, ka ɗauki takardar ka kai ma'aikatar filaye su duba maka kafin ka biya, masu sayarwar kuma ba sa son jin haka, nan take za su ce fulotai sun kusa ƙarewa.

Wata maƙwabciyarmu mai marayu ta sayar da tumakinta ta biya kuɗin fom, aka ce ta kawo na awo ta kai, ranar da ta je da magini ta tarar da wani bawan Allah shi ma da takardar fuloti ɗin nan dai. Sun kira lambar har sun gaji, a kashe take.

In har sai ka saya, ka samu tsofaffin manoman wurin ka tambaye su inda ruwa ke tsayawa a watan Agusta. A tura wa 'yan uwa musamman na Abuja da Legas, su aka fi kamawa tunda hoto kawai ake aika masu.