Man shafawa ga mai ekzima a lokacin hunturu: wanne za a saya?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, danshin iska a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Lafiyayyar fata ma tana yin furu-furu, balle ta mai ekzima, wato ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi, wadda dama ba ta iya riƙe ruwa. Sai bayan gwiwa da cikin gwiwar hannu da wuya su yi kaushi, yaro ya kwana yana susa har jini. Abin da ake nema wajen man shafawa biyu ne: ya zama mai kauri, kuma babu turare a ciki.

Ni dai man kaɗanya nake saya wa 'yata, kuma shi nake ba kowace uwa shawara ta fara gwadawa. Yana da arha, ana samunsa tun daga ƙauyukan jihar Neja da Kebbi har kasuwannin birni, kuma idan na gaske ne ba a haɗa shi da komai ba. Da safe yakan daskare kamar dutse, sai ki ɗebo kamar girman gyaɗa ki murza a tafin hannu, nan take zai narke. Ki shafa cikin minti 3 da fitowa daga wanka, jiki da sauran lema, ki bi yadda gashin jiki ya kwanta ba tare da dirzawa ba. Yana shiga fata, ba ya barin yaro yana naso ƙura na manne masa. Sau biyu a rana shi ne mafi ƙaranci, hannu kuwa duk bayan alwala ko wanke-wanke. Duk da haka ki fara gwadawa a ɗan wuri ɗaya na kwana biyu, don akwai fatar da ba ta jituwa da shi.

Basilin fari marar ƙamshi shi ne na biyu, kuma a wajen toshe ruwa kada ya fita daga fata ya fi kaɗanya. Aibinsa maiƙo da kwasar ƙura, shi ya sa na bar shi sai dare, a kan faso da leɓe da wuraren da suka tsage. Mayukan kemis irin su CeraVe da Cetaphil suna da kyau, sai dai kuɗinsu ba na mai shafa wa yaro jiki duka kullum ba ne. Man kwakwa ya yi ruwa da yawa ga hunturu. Man zaitun, duk da darajarsa a wurinmu, yana iya ƙara raunana irin wannan fata. Loshan mai ƙamshi kuwa a bar wa masu lafiyar jiki.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen sayen kaɗanyar. Na taɓa sayen wata roba mai kyan gani a hannun wata mai talla a intanet, laushi kamar man shanu, ƙamshi kamar humra. Daren farko wuyan yarinyar ya yi ja ya kumbura. Turare aka zuba don a ɓoye warin tsohon mai. Na gaske launinsa fari ne mai ɗan duhu ko rawaya-rawaya, yana da ɗan ƙaurin hayaƙi da ba kowa ke so ba. Idan kika ga yana nan luɓus da sanyin asuba, an sirka shi da wani mai, wani lokaci man gyaɗa, wanda ba a so ya hau fatar jariri da ta tsage. Idan ya ƙi narkewa a hannu, ko kika ji tsakuwa-tsakuwa da ba ta bajewa, ki ajiye. Ki sayi curi, ki sa a yanka a gabanki ki duba cikinsa, don wasu na lulluɓe tsoho da sabo. Basilin ma ana ɗura na bogi a tsofaffin kwalabe, saboda haka a duba murfi da lambar NAFDAC.

Mafi muni su ne haɗe-haɗen da ake sayarwa babu suna babu takarda, wai "maganin ƙaiƙayi sha yanzu magani yanzu". Galibi abin da ke aiki a ciki sinadarin sitiroyid ne mai ƙarfi kamar clobetasol ko betamethasone, irin wanda ke cikin mayukan Skineal da Funbact-A. Kwana uku fata ta yi sumul, uwa ta yi murna, ta mayar da shi man shafawa. Bayan watanni fatar ta yi siriri, ta yi fari dabbare-dabbare, nankarwa ta fito, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo ya fi na da. Waɗannan magunguna ne, likita ke faɗin inda za a shafa da kwana nawa. Haka kuma ƙyasfi da makero ba ekzima ba ne, maganinsu daban.

Sabulu ma sai an zaɓa: na kashe ƙwayoyin cuta da sabulun salo mai zafi duk suna ƙara busar da fata. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, a ajiye soso, a sa rigar auduga kafin a ɗora rigar sanyi ta ulu. Idan wurin ya fara tsatsafo da ruwa, ko ya yi ɓawo rawaya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kai yaro asibiti a ranar.