Littafin saikoloji na kyauta da ya gyara mini zama a aji

Malamin firamare ne ni, ina ƙaro karatu a fannin koyarwa, kuma darasin saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ya fi kowanne ba ni wuya. Takardun da ake raba mana sunaye ne da shekaru jere, a haddace a zuba a jarrabawa. Shi ya sa na nemi Psychology 2e, wanda OpenStax ta Jami'ar Rice da ke Amurka ta fitar a 2020, Rose Spielman ce jagorar marubutansa. Kyauta ake sauke shi a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe.

Babi 16 ne. Shawarata kada ka fara daga farko. Babin tarihi, inda za ka haɗu da Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya buɗe a Leipzig a 1879, ba laifi, amma ba shi zai riƙe ka ba. Na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa yana da nauyi ga wanda bai yi bayoloji ba, kuma zane-zanensa sun yi ƙanana a fuskar waya.

Babin koyo da na ajiyar abu a ƙwaƙwalwa su ne zuciyar littafin a wurina. A can na fahimci bambancin hukunta yaro da ƙarfafa hali, yadda masanin saikoloji B. F. Skinner ya tsara shi. Bulala tana tsayar da yaro daga abin da yake yi a lokacin, amma ba ta nuna masa abin da ya kamata ya yi, kuma takan bar masa tsoron malamin da ma darasin gaba ɗaya. Littafin bai yi wa'azi a kai ba, hujja ya ajiye ya wuce, kuma hakan ya fi tasiri a kaina. Yanzu yaron da ya zauna ya gama aikinsa shi nake fara ambata da suna, maimakon mai surutu.

Sai Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna mantuwar kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Mafi yawan asarar tana faruwa ne a sa'o'in farko, daga nan ta lafa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san dalilin da ya sa ake matsa wa tilawa. Tambayoyin bita na ƙarshen kowane babi wannan aikin suke yi, kada ka tsallake su. Labarin wani mara lafiya da ake kira H. M., wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya ya daina iya riƙe sabon abu, shi ma an kawo shi yadda ba za ka manta ba.

Inda nake da ja shi ne, don ɗalibin Amurka aka rubuta shi. Misalan aure, tarbiyya da zaman iyali duk na can ne, gidan uba da uwa da 'ya'ya biyu. Yaron da kakarsa ko gwaggonsa ta raina, ko gidan da ke da mata uku, sai dai ka auna da kanka ko bayanin ya hau. Babin taɓin hankali ma a kan DSM-5 ya dogara, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Mai son sanin yadda aka tunkari matsalar a gida ya nemi aikin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara kula da marasa lafiya a cikin ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu.

Turancinsa mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare da kyau zai bi shi, ko da yake ƙamus ya zauna kusa. Malami, ɗalibar jinya da mai shirin jarrabawa su fara da babi na 6 da na 8, wato na koyo da na ajiyar abu a ƙwaƙwalwa.