Injin BP na Omron da muka saya wa Hajiya: ra'ayina

Masu tambaya ta inbox wane injin awon hawan jini ya dace a saya wa tsofaffi, ni dai Omron M2 na ɗaure dantse muke amfani da shi a gida kuma gaskiya ban yi nadamar kuɗina ba. Maɓalli ɗaya ne, ka danna ya hura ya sauke da kansa, lambobin manya-manya ne har Hajiya da idonta ya yi rauni tana karantawa ba tabarau. Batiri huɗu yake ci kuma suna jimawa, ba ruwanka da wuta ta zo ko ba ta zo ba.

Kafin shi akwai wani na wuyan hannu mai araha da aka kawo mana, wallahi wannan tayar da hankali kawai ya iya, yanzu ya ce 180 anjima kaɗan ya ce 130, mutum ya rasa wanne zai kama. Likitanta ya ce a ajiye shi, na dantse ya fi aminci musamman ga dattijai. Amma dan Allah a auna kaurin dantse kafin a biya kuɗi, don in madaurin ya yi wa mutum kaɗan awon yana hawa sama da gaskiyarsa.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne littafin da muke rubutawa safe da yamma. Ta zauna minti 5 tukuna, bayanta a jingine, hannu a kan filo daidai ƙirji, ba hira, kuma ba goro ba shayi mai ƙarfi rabin awa kafin awo, nan ne fa ake ɗan jayayya don Hajiya da goronta sai Allah. A asibiti 140/90 ake ɗauka hawan jini, a gida kuwa daga 135/85 ne, da yawa ba su san wannan ba. Da muka kai littafin likita ya ga da safe yana hawa, sai ya tambaya me take sha na ciwon gwiwa, ashe diclofenac ɗin kemis na cikin abin da ke ɗaga shi. Ya kuma sa mu riƙa aunawa bayan ta miƙe tsaye saboda jirin da take ji, don tsoho in jini ya faɗi da yawa faɗuwa yake yi, karayar ƙugu kuma ba wasa ba ce a wannan shekarun.

Likitan ne kuma ya ba ni labarin binciken CREOLE na 2019 da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, inda haɗin magani mai amlodipine a ciki ya fi sauke jini a baƙar fata. Amlodipine ɗin Hajiya take sha yanzu, ƙafa na ɗan kumbura wani lokaci, an ce mu lura.

Abin da ke damuna shi ne masu ganin 125/80 sai su ce an warke a daina magani. Maganin ne fa ya kawo shi nan! Injin ba ya canza magani, likita ne ke yi. Ku tafi da injin asibiti ranar farko a gwada shi da nasu.