A+ ko CCNA: wacce za ka kashe wa kuɗinka?

Ƙanena, ka ce ka gama HND a Kadpoly, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana gyaran laftof a wani shago a Tudun Wada, kuma ɗan abin da ka tara ba zai wuce takardar shaidar ƙwarewa ɗaya ba: ko CompTIA A+ ko CCNA ta Cisco, kamfanin da ke ƙera kayan haɗa kwamfutoci. In ta ni ce, CCNA za ka yi.

A+ shaida ce ta matakin farko. Tana nuna ka san cikin kwamfuta, ka iya ɗora Windows, ka iya gano abin da ya hana firinta aiki. Kyanta shi ne ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba. Sai dai jarabawa biyu ce, Core 1 da Core 2, kowacce sama da dala 200, kuma sai ka ci duka kafin a ba ka takarda. Wanda bai taɓa kwance kwamfuta ba, ta dace da shi. Kai kuwa da kake wuni da sukundireba a hannu, dala za ka zuba a shaida abin da mai ɗaukar aiki zai gani da idonsa in ya miƙo maka matacciyar laftof.

CCNA kuwa shaida ce ta netwok, wato haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Jarabawa ɗaya ce, lambarta 200-301, minti 120, dala 300. Ba a neman wata takarda kafin a zauna mata. Amma tana da wuya, ba zan ɓoye maka ba. Za a ajiye maka adireshin netwok kamar 192.168.10.0/26 a ce na'ura nawa zai ɗauka, kuma dole 62 ta faɗo maka nan take, don lokaci ba ya jira. Za ka koyi raba kwamfutocin sashen kuɗi da na ɗakin baƙi alhali duk a suwic ɗaya aka jona su (na'urar da ake jona kwamfutoci a jikinta), da yadda rauta, mai kai saƙo daga wani netwok zuwa wani, ke zaɓar hanya da wani tsari da ake kira OSPF. Wannan shi ne ilimin da ba a tsintarsa a shagon gyara, kuma shi bankuna, kamfanonin sadarwa da manyan makarantu ke buƙata, tunda kowannensu netwok ke riƙe da aikinsa.

Kada rashin kayan aiki ya tsorata ka. Packet Tracer, shirin kwamfuta mai kwaikwayon kayan netwok, kyauta Cisco ke bayar da shi ta shafinta na koyarwa, Networking Academy, kuma a cikinsa za ka haɗa rauta da suwic, ka lalata, ka sake gyarawa.

Dukansu shekara 3 suke yi sai a sabunta, don haka kada ka zauna wa jarabawar sai lokacin da ka shirya neman aiki da ita. Ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarabawar, ake rubuta su, a cibiya ko a gida. Ka je cibiya. A gida, in aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke ana tsakiya, kana iya asarar kuɗinka.

Roƙona ɗaya, don Allah ka guji haddace tambayoyin da ake yawo da su a WhatsApp. Na taɓa zama a wata intabiyu, wani yaro ya zo da takardarsa fes, aka ce ya sa wa rauta adireshi, ya tsaya yana kallon allo har gumi ya keto masa. Wallahi ya ba ni tausayi, don na san kuɗin da aka haɗa masa.

Ka sauke Packet Tracer cikin makon nan, ka ba rarraba adireshi, wato irin lissafin da ya ba da 62 ɗin nan, sati biyu. In ka ji abin yana shiga, ka turo min abin da ka haɗa mu duba tare, sannan mu yi maganar ranar jarabawa.